Buzun Aro

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ni ce Rifkatu, wadda tsofaffin Gidan Ranau suke kira Kande, matar marigayi Nomau dattijon ikkilisiya. Da hannuna nake wannan rubutu, da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi a zauren coci ina goye da ɗana na fari. Ina cikin hankalina, ba zazzaɓi ke magana ba. Gwiwoyi sun ƙi ni, numfashi ya fara yi mini rowa, amma kan nan garau yake, har yau ina iya faɗa muku uwar kowace akuya da ke gidan nan. Wanda ya ji abin da bai yi masa daɗi ba a ciki, kada ya ce tsufa ne. Ni ce na faɗa.

Zuwa ga 'ya'yana uku: Iliya, Halimatu da Sama'ilu. Na san biyu ne za su zauna a karanta musu. Duk da haka na rubuta sunan na ukun, kuma ina so mai karantawa ya faɗe shi da ƙarfi kamar sauran, kada ya sassauta murya in ya zo wurin.

Saboda jikokina da ba su san mafarin zancen ba, bari in faɗa a taƙaice. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir a gonakin dam ɗin Watari, Sama'ilu autana ya zuba duk ƙarfinsa a fadamar babansa. Ya yi reno, ya yi dashe, ya yi ban ruwa har tafin ƙafarsa ya tsattsage. Ana gab da fara tsinka gonar ta ƙone ƙurmus a tsaye. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba, sai ya bi samarin da ke tafiya haƙar zinare can arewa da Agadas, ya ce mini kafin ruwan shuka zai dawo. Da farko yana kira a waya. A kiransa na ƙarshe ya ce za su koma wani rami inda babu sabis, kada in damu in na ji shiru. Shirun ne har yau. Cikin waɗanda suka dawo, wani ya ce rami ya rufta da wasu Kanawa amma bai ga fuskokinsu ba, wani kuma ya rantse ya hango shi a bayan mota an nufi Libiya. Babanku ya rasu kujerarsa tana kallon hanya. Ni aka bar wa kujerar.

Na ɗaya, jana'izata. A binne ni kusa da babanku, kuma kada a kai ni ɗakin sanyi na asibiti ana jiran baƙi daga nesa. Ban son sanyi ina da rai, ba zan fara sonsa yanzu ba. Kada a ɗora wa kowa ɗinkin anko. Matan zumunta su yi waƙoƙin da muka saba da tulu da kacau-kacau, su yi da ƙarfi, ban yarda da waƙar da ake yi kamar ana jin kunya ba. A shimfiɗa wa maƙwabtanmu Musulmi tabarmi a inuwar darbejiya, kuma abin da za a yanka Khalilu ɗan marigayi Malam Sha'aban ne zai yanka, don kowa ya sa hannu a kwano. Haka muka yi ranar babanku, haka ake yi a gidan nan tun kafin a haife ku.

Na biyu, gonaki. Gonar tudu ta gero da dawa ta Iliya ce. Amma ɗorawar da ke cikinta, 'ya'yanta na Halimatu ne muddin tana raye, don ita ta gaji hannuna a daddawa, kai kuma Iliya ci kawai ka iya. Gonar bakin hanya ta Halimatu ce. In wani kawu ya taso da cewa mace ba ta gadon gona a zuriyar Ranau, a ba shi ruwa ya sha, a faɗa masa ni da babanku mun gama wannan magana tun yana da rai.

Fadamar Watari ta Sama'ilu ce. Ba a sayarwa, ba a rabawa, ba a jinginarwa. Ku noma ta, ku ci rabi don wahalarku, sauran a mayar da shi gero a zuba a rumbunsa, ƙaramin nan na kusa da turken awaki. Duk kaka a kwashe tsohon geron a raba wa gwauraye da marayu, na coci da na masallaci, a zuba sabo. Kada ya dawo ya tarar da rumbunsa wayam, kuma kada ya tarar da geron da ƙwari suka huda.

Na uku, ƙananan kaya. Awaki ku raba su a tsakaninku, ban da jar nan mai karyayyen ƙaho, jikar akuyar da Sama'ilu ya saya da kuɗin ƙwadagonsa na farko ce, ita da 'ya'yanta nasa ne. Tukwane da tasoshi na Halimatu. Zannuwana a ba matan zumunta su zaɓa, amma shuɗin nan a kai wa Ramlat matar Malam Sha'aban, ta daɗe tana yabonsa a gabana tana tsammani ban gane ba. Littafin babanku mai baƙin bango na Iliya ne. Nawa, wanda bangonsa ya cire kuma yake warin daddawa, na Halimatu. Ɗakin Sama'ilu kuwa a riƙa yi masa yaɓe da jinka kafin damina, a share shi, a buɗe taga ya sha iska.

Na huɗu, rigimarku. Tun Kirsimetin bara ba ku gaisa da kyau ba, kuna tsammani don ina kwance ban lura ba. Iliya, kai ka ce a yi wa Sama'ilu addu'ar tunawa irin ta mamaci, a sayar da fadama, ka kwashe ƙanwarka da marayunta zuwa Ungogo inda kake riƙe da ikkilisiya, a rufe gidan nan. Halimatu, ke kin ce sai dai a rufe da ke a ciki. Da a nan kuka tsaya, da na ce rigimar gado ce irin ta kowane gida. Amma ku 'ya'yan Nomau ne, ba ku iya faɗa da baki kawai ba, sai kun ɗauko Littafi.

Halimatu ta ce kada a yanke komai sai an roƙi Allah ya nuna alama ko yana da rai. Ta kawo Gidiyon, jarumin da ya shimfiɗa ulu a masussuka ya roƙi raɓa ta sauka a kan ulun kaɗai ƙasa ta bushe, washegari ya juya roƙon, kuma Allah ya biya masa duka biyun bai tsawata masa ba. Iliya ya ce Yesu da bakinsa ya kira masu neman alama mugun zamani, kuma an hana mu gwada Ubangiji. Halimatu ta ce to sarki Ahaz fa, wanda annabi ya ce masa ya roƙi alama, ya ƙi don wai ba ya so ya gwada Allah, aka yi masa faɗa a kan ƙin? Iliya ya ce Zakariya fa, da ya tambayi mala'ika ta yaya zai tabbatar, aka rufe masa baki har matarsa ta haihu? Halimatu ta ce ai Toma ya ce sai ya gani, kuma an nuna masa. Haka kuka yi ta jifan juna da ayoyi ta saman kaina, tuwo ya huce a kwano ba wanda ya taɓa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk ku biyun gaskiya kuke karantowa. Na sa tabarau na duba, kowace aya tana nan inda kuka ce. Kuma kada ku ɗauka ku kuka fara ganin wannan. Na taɓa tambayar babanku yadda Littafi ɗaya zai ce a roƙa a nan, ya ce kada a roƙa a can. Ya sosa gemu ya ce zai tambayi Fasto. Fasto ya ce zai yi wa'azi a kai, aka yi masa canjin wuri kafin ya yi. Amsata tana cikin na shida, amma sai kun bi ta na biyar tukuna.

Na biyar, aro. Ba wanda ke bina ko sisi, abu ɗaya ne na wani a hannuna, buzun Malam Sha'aban da ke naɗe a saman ɗakin Sama'ilu. Kun san na shimfiɗa shi. Abin da ya biyo baya ne ba ku sani ba, kuma kowannenku ya gina rigimarsa a kan abin da yake zato.

Ni da farko da na ji ana karanta ulun Gidiyon a coci, na ɗauka zaren saƙar hula ne irin na kasuwa, na yi ta mamakin jarumin yaƙi da ke yawo da kayan saƙa. Babanku ya yi dariya har ya ƙware, ya ce fatar tunkiya ce mai gashi, wato buzu. Bayan rasuwarsa, da shirun ya yi mini yawa, na ce nima zan yi irin na Gidiyon. To a Gidan Ranau wa ke da buzu? Mu a kan benci muke sujada, fatar ragon Kirsimeti kuwa a tukunya take ƙarewa. Sai maƙwabcinmu Malam Sha'aban, wanda suka yi shekaru da babanku suna shan rijiya ɗaya, suna musun addini a kan iyakar gona, ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani murya.

Na je zaurensa bayan ya sallami masu karatu, na durƙusa na ba shi labarin Gidiyon daga farko har ƙarshe. Ya saurara yana jan carbi. Ya ce su a wurinsu roƙon zaɓin Allah ake yi a bar masa, ba a gindaya masa sharaɗi. Ya ce kuma kalmar aya da muke faɗa, a karatunsu tana nufin layin da ake karantawa, tana kuma nufin alamar da Allah yake nunawa, har fitowar rana da tsirowar gero duk ayoyi ne ga mai lura. Na ce Malam, rana tana fitowa, gero yana tsira, ɗana ne ban gani ba. Ya ajiye carbinsa. Sai ya tashi ya shiga ciki ya fito da tsohon buzunsa, wanda gashin wurin gwiwa ya cinye saboda salla, ya miƙo mini.

Ƙarshen kaka ne, lokacin da raɓa take sauka wata safiya ta ƙi wata. Da gangan na zaɓi lokacin, don kada a ce na matsa wa Allah da roƙon raɓa a tsakiyar bazara. Da almuru na shimfiɗa buzun a masussukar bayan gida, na danne gefensa da duwatsu saboda karnuka. Na ce ya Ubangiji, in ɗana yana da rai, buzun nan ya jiƙe ƙasa ta bushe.

Da gari ya waye na fita. Na kai bakin danga, na hango shi fari a inda na bar shi, sai ƙafafuna suka tsaya. A nan ne na tuna da rabin roƙon da ban yi tunaninsa ba. Ni jiƙewa kawai na sa a raina. In na taɓa na ji shi a bushe fa? Da hannuna ke nan zan binne ɗana a safiyar nan, ba gawa, ba kabari, ba wanda zai ce mini ga inda ya kwanta. Na riƙe itacen danga, na kasa gaba na kasa baya.

A haka Ramlat ta same ni, ta idar da salla ta fito da awakinta. Ramlat ce ta yi wa Sama'ilu wankan farko ranar da aka haife shi, ba sai na yi mata dogon bayani ba. Na ce ta je ta shafa buzun ta shafa ƙasa, ta ɗauke shi ta tafi da shi, kuma kada ta faɗa mini abin da ta ji, da baki ko da fuska, sai ranar da na tambaye ta. Na juya baya. Na ji takunta ya tafi, na ji ya tsaya, na ji ya dawo. Ta wuce ta gabana da buzun a naɗe cikin mayafi, ta ce mini ina kwana, yaya gajiya, ta kora awakinta. Bayan 'yan kwanaki Malam ya aiko mini da shi ya sha rana, ya ce aro bai ƙare ba tunda amsa ba ta isa hannun mai tambaya ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake neman abinsa ba.

Ban taɓa tambayarta ba. Iliya, ka ga na yi shiru ka ce a bushe na same shi, ina ɓoyewa ne. Halimatu, kin ga ina yaɓen ɗakinsa kin ce a jiƙe na same shi, ina tsoron yayanki ne. Duk kun yi kuskure. Ban sani ba.

Ga abin da na sani. Tun daga shekarar, duk kaka Ramlat takan zo da ƙwaryar gero daga gonarsu ta juye a rumbun Sama'ilu, ta karkaɗe ƙwaryarta ta zauna mu yi hirar duniya. Na juya wannan abu a raina har na gaji. Don ta ji shi a jiƙe take kawowa, tana tara wa mai dawowa? Ko don ta ji shi a bushe ne, tana tausayina? Ku dubi uwarku, matar da ta ƙi duba alamar da ta roƙa, ta koma karanta alama a ƙwaryar maƙwabciya. In muna ɓarar gyaɗa nakan ƙura mata ido ko fuskarta za ta yi suɓutar baki, sai ta ce Kande daina kallona, ban yi kwalliya ba.

To ga umarnina. Kada ɗayanku ya je ya tambaye ta, ko a fili ko da dabara. Amana na ba ta, ta ɗauke mini kayan da na kasa ɗauka, ta tsufa da shi a ka, kada ku saka mata da titsiye. Kuma na san ku. In ta ce a jiƙe, Iliya zai ce ai dam yana kusa, raɓa ba abin mamaki ba ce. In ta ce a bushe, Halimatu za ta ce a sake shimfiɗawa, ai Gidiyon ma sau biyu ya yi. Ba abin da zai ƙare sai mutuncin tsohuwa. In ta zo da ƙwaryarta ku buɗe mata rumbu, ku yi godiya, ku ba ta wurin zama. Buzun kuma ya zauna inda yake, Sama'ilu ne zai kai wa Khalilu da hannunsa. Amma in Khalilu ya nemi kayan mahaifinsa kafin nan, a ba shi ba musu, nasu ne.

Na shida, abin da na gane. Ban yi makarantar Littafi ba, Iliya ne ya yi, sai ya yi haƙuri da tsohuwa. Ni a gona da madafa na yi nawa karatun.

Sama'ilu yana ƙarami matsoraci ne, Allah ya sani. In muka shiga gona dawa ta yi tsawo ta rufe mu, bayan minti kaɗan sai ya ɗaga murya ya ce, Inna, kina nan? In ce ina nan. Ya ci gaba da wasansa, can ya sake. Yana jin ƙarar fartanyata, ya san ban tafi ko'ina ba, muryata kawai yake so. Ban taɓa gajiya da amsa masa ba. Kai kuma Iliya, kana da taka Inna kina nan. Kai daga bakin zaure kake yin taka, a hankali, ranar da na soya ƙuli-ƙuli, don in ka ji shiru ka san hanya ta buɗe, ka shigo ka ɗiba. Maganarku ɗaya ce ba bambancin ko harafi. Shi yana samun ina nan, kai kana samun muciya. Wanda ya rubuta labarin gidan nan zai ce Kande tana saɓa wa kanta, ta amsa wa wannan ta kori wancan. Ni kuwa na san 'ya'yana ne.

Haka nake ganin ayoyin nan. Gidiyon da Toma tsoro ne ya sa su kira, dawa ta rufe su, aka amsa musu. Waɗanda suka nemi alama wurin Yesu sun riga sun ga guragu suna tafiya, ba tsoro ke damunsu ba, tarko suke kafawa. Ahaz ya riga ya shirya abin da zai yi, ba ya son jin amsar da za ta ɓata masa shiri, sai ya fake da tsoron Allah. Zakariya kam, gaskiya har yanzu ina ganin an ɗan matsa wa tsohon nan, in na isa zan tambaya. Ban ce na warware komai ba. Ni kaina da almuru Gidiyon ce, da safe na zama Ahaz, tun daga ranar kuma bakina a rufe yake kamar na Zakariya. Duk na bi ta cikinsu a kwana ɗaya, kuma ban ji Ubangiji ya ɗauko mini muciya ba. Haƙuri ya yi da ni, ya ba ni Ramlat.

Iliya, rannan da ka zo duba ni ka zaga bayan rumbu da wayarka, ka buga lambar Sama'ilu. Kunnena bai mutu ba, na ji muryar matar nan ta kamfanin waya tana cewa lambar a kashe take, kuma na ji ka sake bugawa. Wannan ma shimfiɗa buzu ne, ɗana, naka dai a aljihu yake. Don haka ka daina ce wa ƙanwarka mai ƙarancin bangaskiya. Na san ba kwaɗayin fadama ke sa ka maganar addu'ar tunawa ba, so kake in yi kuka in gama in huta. Na gode. Amma wannan hutun ba na so.

Halimatu, ke kuma ki daina bin masu cewa an nuna musu a wahayi. Kajinki sun ƙare a gidajen addu'a, wannan ya ce yana gabas, wancan ya ce yana kurkuku, wani ya ce sai kin kawo farin zakara a buɗe masa hanya. Wanda Allah ya nuna wa abu ba ya neman zakara. In kina son roƙo, ki roƙa a ɗakinki da bakinki, ki ce kina tsoro, ya san muryarki. Kuma kada ki ɗauka ke kaɗai ke son Sama'ilu a gidan nan. Yayanki ne ya goya shi zuwa makaranta ranar da ƙaya ta soke shi.

Kai ka koya mini, Iliya, lokacin da kake gyara mini rubutu, cewa ɗigon da ake sawa in magana ta ƙare shi ma aya sunansa. To duk ayoyin da kuka sani ku yi ta karantawa, ku yi musu a kansu in kuna so, amma bayan kun ci tuwo. Wannan ɗayar ce na hana, kada ku ɗiga ta a bayan sunan ƙaninku.

Na bakwai, gidan nan. Ba a rufe shi. Halimatu ta zauna da 'ya'yanta, ɗakina ya zama nata. Iliya, kada ka matsa mata da maganar birni, kuma kada ka bar mata nauyin ita kaɗai. Ungogo ba Agadas ba ce, mota ɗaya ce da ɗan babur. Ka zo da shuka, ka zo da girbi, ka kawo yaranka su san hanyar rijiya, su san gidan Malam Sha'aban gidan gaisuwa ne. Ranar da za ku fara zama bayan an binne ni, ku ci a kwano ɗaya, Halimatu ta fara gaishe ka don kai ne babba, kai kuma ka fara ba ta haƙuri don kai ne Fasto.

Sama'ilu, in takardar nan ta iske ka, to ka dawo ke nan, sannu da hanya. Na san halinka, in kana da rai kunya ce ta riƙe ka, ka ce ba za ka shigo gari hannu wofi ba. Wa ya aike ka zinare? Ni kai na haifa. Tumatir ya yi kyau a shekarun da suka biyo baya, da ka ƙara haƙuri kaɗan da ka gani. Mangwaron da ka dasa a bakin rijiya ya fi ɗaki tsawo, yara suna jifansa ina korarsu da sunanka. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai na ɗaga kai, duk saurayin da ya taho yana jan ƙafar hagu irin tafiyarka sai gabana ya faɗi. Ina kewarka, auta, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Ban yi fushi ba ko na rana ɗaya. Ga ɗakinka, ga rumbunka, ga akuyarka. Ka huta, ka ci, sannan ka ɗauki buzun nan ka kai gidan Malam, ka durƙusa ka gaishe da Ramlat in tana raye. Ita sai ta faɗa maka abin da ta ji a safiyar nan, ku yi dariya.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da 'ya'yanku da gonakinku. Ya ba ku ruwa a kan lokaci, ya tsare ku daga tsutsa da fari da mugun baki. Ya sa ku zauna lafiya da maƙwabta kamar yadda muka zauna. Na yafe muku duka, har ƙuli-ƙulin Iliya, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, ku uku ne, kada ku yarda wani ya ƙidaya ku biyu.

Ni dai na kusa sanin abin da Ramlat ta sani, har da wanda ba ta sani ba. In na isa na tarar da shi zaune kusa da babanku, to kun yi asarar ɗan gero da jinkar ɗaki, Allah zai mayar muku. In ban tarar da shi ba, yana hanya ke nan, kuma da yunwa zai iso. Kada ku jira in zo muku a mafarki in faɗa muku wanne ne, ba zan zo ba, gwiwoyina sun gaji. Ku dai ku bar zaure a buɗe. Na san ɗana, ba sallama zai fara yi ba, zai tsaya a bakin ƙofa ne ya ce, Inna, kina nan? Ni ba zan ji ba. Wanda yake kusa a cikinku ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ɗaga murya ya ce masa, muna nan.